Poka a Teburin Abokai: Wa Ke Biyan Kuɗin Nishaɗin?

A farkon watan Maris na 1946 wani jirgin ƙasa ya tashi daga Washinton ya nufi jihar Missouri, ɗauke da shugaban Amurka Harry Truman da baƙonsa Winston Churchill, wanda bai daɗe da shan kaye a zaɓen Ingila ba. Garin Fulton za su, inda Churchill zai yi jawabin nan nasa na labulen ƙarfe da ya ce ya raba Turai gida biyu. Tafiyar da nisa, sai aka fito da karta. Truman mayen poka ne, mutanen da ke tare da shi kuma sun daɗe suna kwana a teburinsa. Churchill ya gyara zama yana cika baki cewa shi ma tsohon hannu ne, amma ba a je ko'ina ba aka gane a baki kawai ya iya. Kuɗinsa suka yi ta zurarewa. Da ya ɗan tashi ya fita, Truman ya ja kunnen yaransa cewa su sassauta, kada a tatike baƙo. Suka sassauta, duk da haka bai tashi da riba ba.

Duk rigimar da ke tattare da buga poka tsakanin abokai tana cikin wannan ɗan labari. Ƙa'idar wasan ita ce ka kwashe abin da ke gaban na kusa da kai, zumunci kuma yana cewa ka dubi fuskarsa. Truman ya zaɓi zumunci, amma sai da ya sa aka ha'inci wasan kafin hakan ta yiwu.

Ga wanda bai san poka ba, karta 52 ɗin nan ce da muka sani, mai gida huɗu, biyu ja biyu baƙi. Nau'o'in wasan suna da yawa, amma wanda ya mamaye duniya yanzu shi ne Texas Hold'em. Ana raba wa kowa karta biyu a kife, shi kaɗai zai leƙa. Sannan a jera biyar a buɗe a tsakiya, na kowa da kowa: uku a tashi ɗaya, sai ta huɗu, sai ta ƙarshe. Daga cikin bakwai ɗin kowa zai haɗa biyar mafi ƙarfi. Sau huɗu ake zagayen zubi, ɗaya kafin a buɗe komai, sauran bayan kowace buɗewa. In layi ya zo kanka ka tarar an zuba, ko ka bi, ko ka ƙara a kai, ko ka jefar da kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka sa. Idan an kai ga nuna hannu, tulin da ya taru a tsakiya na wanda ya fi ƙarfi ne. Idan kuwa kowa ya janye aka bar mutum ɗaya, shi zai kwashe, kuma babu mai tilasta masa ya nuna abin da ya riƙe. Mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Darajar hannuwa lissafi ya tsara ta. Hanyoyi 2,598,960 ake iya zaro karta biyar daga cikin 52. Huɗu kacal daga ciki su ne hannun ƙoli, wato 10, J, Q, K da A duk na gida ɗaya, sau ɗaya ke nan cikin 649,740. Kusan rabin hannuwan kuwa ko tagwaye ba su da su. Gwargwadon wuyar samun hannu, gwargwadon ƙarfinsa.

Ita kartar kanta ta ratso ƙasashen Musulmi kafin ta isa Turai wajejen shekarun 1370. A gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul akwai tsohuwar karta ta zamanin Mamalik na Masar, mai gidajen kofi da sulalla da takobi da sandar folo. Amma poka 'yar Amurka ce. A New Orleans aka fara jin ɗuriyarta a farkon ƙarni na 19, ana buga ta da karta 20 tsakanin mutum huɗu, kuma ana danganta sunan da wani wasan Faransawa mai kama da shi. Jiragen ruwan kogin Misisipi suka haura da ita, sojojin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 suka koma da ita garuruwansu. A 1970 Benny Binion ya tara gwanaye a gidan cacarsa na Las Vegas ya kafa gasar duniya. Abin ya zama ruwan dare bayan 2003, shekarar da wani akanta daga Tennessee, Chris Moneymaker, wanda ya samu gurbin shiga ta wata ƙaramar gasar intanet, ya doke ƙwararru cikin mutum 839 ya tafi gida da dala miliyan 2.5. Bayan shekara uku masu shiga gasar suka kai 8,773. Kowane akanta ya fara ganin kansa a kan wannan kujera.

To amma gidan poka na asali ba Las Vegas ba ne. Teburin cin abinci ne a gidan wani, daren Juma'a ko na Asabar, mutum shida ko bakwai da suka san juna, da abin taunawa, da tsokana. A al'adar Amurkawa wannan zama yana cike gurbin da majalisar ƙofar gida take cikewa a wurinmu: nan ake jin wa ya rasa aiki, wa zai yi aure, wa ke neman haya. Richard Nixon ya tara kuɗi da poka lokacin yana sojan ruwa a yaƙin duniya na biyu, har ya sa wani abu daga ciki a yaƙin neman zaɓensa na farko a 1946. Barack Obama ya riƙa zama a teburin 'yan majalisar jihar Illinois a Springfield, inda ya saba da mutanen da a zauren majalisa ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Abokan zamansa sun shaide shi da taka-tsantsan, ba ya shiga sai da hannu mai kyau.

Me ya sa wannan wasa ya kama mutane haka, har ya fi sauran wasannin karta? Amsar ita ce burga. A wot ɗinmu, wanda wani Bature William Storey ya ƙirƙira a Ingila a 1935 amma ya zama ɗan gida a Najeriya, in ba ka da abin sakawa sai ka tafi kasuwa, ba wata dabara da za ta cece ka. A dara kuwa komai a fili yake, wanda ya fi hangen nesa shi ke ci. Poka ta sha bamban: mai hannun banza yana iya korar mai hannu mai kyau, in dai ya zuba abin da zai tsorata shi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗan poka yakan shekara yana koyon yadda zai ƙaryata wannan karin magana a fuskarsa, yana kuma gaskata shi a fuskokin wasu. Rawar hannu, saurin zubi, shirun da ya zo wa mai surutu, duk labari ne. A tsakanin abokai abin ya fi armashi, domin ka san mutumin shekara ashirin, ka san yadda yake sosa ƙeya in zai yi ƙarya tun kuna firamare.

Burgar nan kuma ba rashin kunya ba ce kawai, dole ce ta lissafi. John von Neumann, wanda da shi da Oskar Morgenstern suka fitar da littafin da ya aza harsashin ilimin nazarin wasanni a 1944, ya nuna cewa wanda ba ya zubi sai yana da hannu mai ƙarfi ya riga ya tona asirin kansa: duk sanda ya zuba kowa zai gudu, ba zai ci komai ba. Misali, akwai 100 a tsakiya, ka zuba wata 100. Abokin karawarka zai sa 100 ne don ya ci 200, saboda haka in yana ganin zai yi nasara fiye da sau ɗaya cikin uku, gara ya bi. Kai kuma, in kana so ka bar shi cikin duhu, to a cikin irin wannan zubi uku na ƙarshe, ɗaya ya zama burga, biyu gaskiya. Wannan ɓoyayyen labari ne ya sa poka ta daɗe tana gagarar kwamfuta. An ka da Garry Kasparov a darar Turawa tun 1997, amma sai a Janairun 2017 wata manhaja mai suna Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a Pittsburgh, bayan hannu 120,000 cikin kwana 20.

Yanzu mu zo ga inda gizo ke saƙa. Burga ba ta aiki sai in bin zubi yana da zafi. Duk wanda ya taɓa gwada poka da tsinken ashana ko ƙwayar wake, a kan cewa in naka ya ƙare sai a ƙaro maka, ya san yadda zaman yake lalacewa cikin rabin awa. Ba mai janyewa, tunda ba abin da zai rasa. Kowa ya bi har ƙarshe, a buɗe, mai sa'a ya kwashe. Wasan ya koma jefa kwabo. Shi ya sa masu son poka suke cewa dole a sa kuɗi, ko yaya ƙanƙantarsu, don wasan ya yi rai. Gaskiya suka faɗa ta fuskar wasa. Sai dai da bakinsu suka amsa cewa kuɗin ba ado ba ne, da su ake wasan kamar yadda ake yi da kartar. A ƙwallon ƙafa ana iya cire caca ƙwallo ya tsaya da ƙafarsa. A poka an gina cacar a cikin ƙa'ida.

Hujja ta biyu da ake kawowa ita ce wai poka gwaninta ce, ba sa'a ba. Kotuna ma sun yi ta kai-kawo a kai. A 2007 wata kotu a Landan ta kama mai wani kulob na poka da laifi, bayan ya kafe cewa wasan na gwaninta ne don haka dokar caca ba ta hau kansa ba. A 2012 alƙali Jack Weinstein na New York ya yarda gwaninta ta rinjayi sa'a a poka, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke sakamakon hukuncin a shekarar da ta biyo baya. Gaskiyar magana, duka biyun suna nan, lokaci ne ke raba su. A hannu ɗaya sa'a ce sarauniya. Kartar A guda biyu, hannun farawa mafi ƙarfi, sau ɗaya cikin 221 yake zuwa, kuma ko da mutum ɗaya kake karawa yana faɗuwa kusan sau 15 cikin 100. In mutum biyar suka bi ka har ƙarshe, kusan rabi da rabi ne. Amma a hannu dubu goma, wanda ya san lissafi, ya san lokacin janyewa, shi zai tashi a sama.

Ni a ganina wannan hujja ta gwaninta, maimakon ta wanke poka ta abokai, tona ta take yi. A gidan caca akwai mai gida da ke yankar la'ada. A teburin abokai babu shi, saboda haka duk sisin da wani ya ci daga aljihun wanda ke zaune kusa da shi ya fito. Da sa'a ce zalla, da kuɗin sun yi ta zagayawa, yau gare ka gobe gare ni, a ƙarshen shekara kowa ya tashi kusan yadda ya zauna. Tunda gwaninta ce, kuɗin gangara suke yi, gefe guda. A cikin mutum shida za ka tarar biyu ne ke ci kusan kullum, biyu suna tsaka-tsaki, biyu kuma su ke biya wa kowa kuɗin nishaɗi wata bayan wata. Kuma sa'ar da ke cikin wasan ita ke rufe musu ido: sukan ci jefi-jefi, daidai yadda zai sa su dawo mako mai zuwa. A bakin 'yan poka akwai sunan da ake kiran irin wannan mutum, kifi. Ba a faɗa a gabansa. Ana ma lallaɓa shi kada ya yi fushi ya daina zuwa. Ka yi tunanin abota da aka kai matsayin da kake tattalin abokinka saboda rauninsa.

Dwight Eisenhower, wanda ya gaji Truman, gwani ne tun yana ƙaramin hafsa. Ya ba da labarin yadda ya cinye wani abokin aikinsa mai iyali kuɗin da ya fi ƙarfinsa, abin ya dame shi, har ya haɗa baki da wasu suka faɗi da gangan don kuɗin su koma wa mai su. Daga nan ya janye jiki daga wasan. Shugabanni biyu ke nan a jere da suka iske kansu a gaban zaɓi ɗaya.

Su kansu masu zaman gida sun san da wannan, shi ya sa suka kewaye wasan da shinge. A tsayar da iyakar abin da mutum zai shigo da shi. A sa lokacin tashi tun kafin a zauna, don wanda ake ci ba ya taɓa yarda dare ya yi. Kuɗi hannu, ba bashi. Mai gida kada ya yanki komai. Dokokin ƙasa ma ta nan suka bi: dokar caca ta Birtaniya ta 2005 ta ƙyale wasa a cikin gida matuƙar ba a karɓar kuɗin shiga, a Texas kuma mutum yana da kariya in a keɓantaccen wuri aka yi kuma ba wanda ya amfana sai da abin da ya ci da hannunsa. Jihar Utah ita ko wannan ba ta yarda da shi ba. Shingen yana da kyau, amma ba a kewaye abin da ba ya cizo. Kuma na bashi shi ke fara karyewa. Ƙarfe ɗaya na dare, wani ya tashi ba ko sisi, ransa a ɓace, ya dubi amininsa ya ce ranta mini zuwa Litinin. Wa zai iya cewa a'a? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin caca daban yake: mai bi yana jin nauyin tambaya, wanda ake bi yana ganin ai ba wani abu ya karɓa ya ci ba. Sai a fara kauce wa juna a hanya. Wanda aka ci kuma yakan nemi a ɗaga zubi don ya fanshe da wuri, garin neman gira a rasa ido. Bin asara don a fanshe yana cikin alamomin da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa, kuma tun 2013 littafin ƙungiyarsu ta Amurka ya sa matsalar caca a babi ɗaya da shaye-shaye.

Abin da ya kawo zancen ƙofarmu shi ne waya. Matasanmu sun ga poka a finafinai irin su Casino Royale na 2006, sun buga ta kyauta a Facebook da manhajoji, wasu sun koyo ta a wajen karatu a ƙetare. Daga kuɗin wasa na cikin waya zuwa "mu ɗan sa ɗari biyar-biyar don a ji daɗi" taku ɗaya ne. A Kano, inda dokar shari'a ta haramta caca, Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Shago yana da allo da adireshi. Falo ba shi da su, saboda haka hukuncin teburin abokai yana hannun waɗanda ke zaune a kansa.

Ga Musulmi maganar kuɗi ba ta da kwana. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta haɗa giya da caca, ta yarda akwai ɗan amfani a cikinsu amma laifin ya rinjaya. Ayoyi na 90 da 91 na Ma'ida suka rufe ƙofar, suka kuma faɗi dalili: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagala daga ambaton Allah da salla. Abin lura a nan, wanda masu cewa "ai tsakaninmu ne" ba sa kula da shi, shi ne irin cacar da ayoyin suka tarar. Maisir ɗin Larabawa ba sana'ar wani kamfani ba ce. Mutane ne da suka san juna suke yanka raƙumi, su jefa kibau goma, bakwai masu rabo uku marasa rabo, waɗanda suka faɗi su biya kuɗin raƙumin, naman kuma sau da yawa matalauta ake bai wa. Wasan abokai ne, har da sadaka a ciki, kuma shi aka hana. Ƙanƙantar kuɗi ba ta sauya hukuncin, haka ma dabarar "wanda aka ci shi zai sayi shayi", domin malamai suna lissafa ta cikin caca.

Karta ba kuɗi kuwa, nan malamai suka rabu. Wasu sun hana ta bisa kiyasi da wasan nardu, wanda hadisi ya yi hani da shi. Wasu sun halatta da sharaɗin kada ta ci lokacin salla, kada ta jawo zagi da rantse-rantse. Mazhabarmu ta Malikiyya dama tana da tsanani a wannan babi, tunda Imam Malik ko shaɗaranji, wato darar Turawa, bai so ba. Kowa ya san malamin da yake bi.

Wanda ya bi masu sassauci, akwai hanyar da poka ke yin rai ba tare da sisi ba, kuma daga ita gasar duniyar aka aro ta. A raba wa kowa kwabban roba daidai wa daida, a yi yarjejeniya cewa wanda nasa suka ƙare ya fita ke nan, ba ƙari. A riƙa ɗaga zubin dole, wato wanda ake sawa kafin a raba karta, duk bayan minti 15 ko 20 don kada a kwana. Da zarar an yi haka kwabban sun samu daraja, domin su ne ranka a wasan, kuma ba mai son ya zama na farkon komawa gefe yana kallo ana yi masa dariya. Burga ta dawo, lissafi ya dawo, karanta fuska ya dawo. Zafin bai kai na kuɗi ba, ban musa ba, kuma tsofaffin 'yan poka za su ce wannan shayi ne ba sukari. Amma a irin majalisunmu, inda mutum kan shekara ana tsokanarsa saboda an ci shi a dara, kunya kaɗai ta isa jari.

Saboda haka in aka gayyace ka irin wannan zama aka ce maka wasa ne kawai tsakanin 'yan'uwa, ka yi tambaya ɗaya kafin ka ja kujera: in an tashi, akwai wanda zai sa hannu a aljihu? In an ce akwai, ko naira hamsin ce, caca aka gayyace ka, ka karɓi shayinka ka zauna a gefe.